Baƙon Watanda

Ranar da masana za su zauna rubuta tarihin tsoro a duniya, in ba su fara daga gindin tukunyar gandar kakata a Ƙofar Rini ba, to su sani sun ɓata tawadarsu. Ba da ka na faɗa ba. Na yi shekaru ina koyarwa, na karanta abin da ya sawwaƙa, kuma jikokina sun tilasta mini kallon finafinan ban tsoro har na kai ina sanin inda dodo zai ɓullo tun shi bai sani ba.

Gidanmu gidan mahauta ne. Baba yana yanka a kasuwa, mahaifiyarsa kuma, wadda muke kira Inna Tsohuwa, ita ke dafa ganda. Bayan magariba take ɗora tukunya, don fatar sa ba ta nuna da gaggawa, kuma a bakin wannan wutar take ba mu gatana, abin da mutanen gabas ke kira tatsuniya. Lokacin ɗari yaran unguwa kan cika tsakar gidan, kowa ƙudundune cikin zane. Ba a tambayar yaro ɗan wane ne a bakin wuta. Ya zo, ya zauna, shi ke nan.

A shekarun da ake ta zancen Turawa za su tafi su bar mana mulkin kai, yayana Bello ya kamu da son sinima. Saurayi ne a lokacin, gemunsa bai gama shawarar fitowa ba. Labari ya iske Baba a kasuwa, ya kira shi zaure, ya rantse cewa in ƙafarsa ta sake taka gidan sinima, to ya nemi wani uban da wani gidan. Baba ba ya rantsuwa ya yi kaffara. Kowa ya san haka, har Bello. Kowa kuma ya san ranar Asabar za a sake nuna fim ɗin da ya tafi da hankalinsa, kuma zai je.

Inna ba ta yi masa faɗa ba. Ana gobe Asabar ɗin, da dare, ta jira yara suka taru, ta hango shi yana raɓe-raɓe zai fita.

"Kai, mijin banza, taho ka hura min wutag ga. Ko sai an yanka maka tikiti?"

"Tsohuwa, ni na wuce gatana," in ji Bello. "Abin da nig gani, da kin gane shi, da ba ki ƙara kwana ba."

"Mi kag gani?"

Ya tsuguna ya ba mu labari har da hannu da ƙafa. Wai wani Bature ne mamaci, yana kwance cikin akwati, rana na faɗuwa sai ya tashi, haƙora zaƙo-zaƙo, ya kama wuyan mutane yana shan jini. Mu yara muka matsa jikin juna. Inna ta ci gaba da iza wuta.

"An ruhe mutum da riga da takalmi, ba wanka ba likkahwani, ai dole shi tashi. Ko ni ta, tashi nikai. Jini kuwa, ɗan mahauci, kai da ka wanke shi ga ƙahwahunka kullum sahe? Abin da ad da haƙora waje ai ya yi maka adalci, ya gaya maka ka gudu. Zamna."

Ya zauna, yana murmushin raini. Ba ta buɗe da kalmomin da ta saba buɗe gatana da su ba, mu ma ba mu samu abin amsawa ba. Cewa kawai ta yi, "Wagga ba gatana ba ta."

Ta ce a wani gari an yi waɗansu mutane masu yin watanda duk mako. Su haɗu su sayi sa, a yanka a gindin tsamiya, a kasa naman kashi-kashi, kowa ya miƙa hannu a ba shi nasa. Mai kasawar wani mahauci ne mai amana, kuma yana da ƙa'ida: ba ya ɗaga kai ya dubi fuskar kowa, don kada a ce ya fifita wani. Hannaye kawai yake gani.

Wata rana ɗaya daga cikinsu bai zo ba, amma aka ga wani mutum zaune a ƙarshen tabarma, ya rufe bakinsa da rawani. Na damansa ya ɗauka baƙon na hagu ne, na hagu ya ɗauka na dama ne ya zo da shi. Ka dubi mutum ka ce masa kai wane ne, ai ka tozarta mai masaukinsa. Ba wanda ya tambaya. Ya miƙa hannu, aka ba shi, kashi ya ƙare daidai ba saura.

Mako na gaba wani kuma bai zo ba, masu rufe baki suka ƙaru. Aka nemi waɗanda suka ɓata aka gaji. Mahauci dai kansa na ƙasa, kuma hannaye ba su ragu ba. Abin da kawai ya lura da shi, hannayen sun fara sanyi, godiya ta yi ƙaranci, angulayen da ke jiran hanji a kan tsamiya kuma sun daina zuwa.

Rannan ya zo ya shimfiɗa ganye, ya wasa wuƙa, ya ji wurin tsit, ba gaisuwa ba tari. Sai ya karya ƙa'idarsa, ya ɗaga kai. Tabarma cike take. Babu fuska ɗaya da ya sani.

"Kuma ran nan," in ji Inna, "ba su zo da sa ba. Igiya kaɗai sunka zo da ita."

Ta buɗe tukunya ta juya ganda.

"Sai me ya faru, Inna?" in ji ni.

"Sai mi? Na ce ba su zo da sa ba."

Bello ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. Inna ba ta dube shi ba.

"Angona, gidan kallon ga naku, in an kashe hitila, wa ka zama kusa da kai?"

"Mutane mana."

"Ka san su?"

"Wa zai san mutanen gari duka?"

"Bencin kullum cike?"

"Cike."

"To. Bar ma na can. Ɗiyan ga, kowa shi dubi na kusa da shi."

Muka duba. A gefen Bello, inda hasken wuta ya ƙare, akwai wani ɗan ƙaramin mutum lulluɓe da baƙin zane, kai a sunkuye, hannu a miƙe, tafin a buɗe. Ba wanda ya ga zuwansa. Ni na ɗauka da ƙawata Ladi suka zo. Na dubi Ladi, na ga ita ma ni take duba. Bello, wanda ya ga Bature ya tashi daga akwati, ya buɗe baki zai yi tambaya, tarbiyya ta riƙe masa harshe, tsoro ya riƙe sauran jikin.

Inna ta sa ludayi ta tsamo yankan ganda, ta hura, ta ɗora a tafin nan ba tare da ta dubi fuskar ba. Hannun ya rufe. Mai zanen ya tashi, ya bi ta zaure ya fice, ba godiya, ba sai da safe. Ran nan sai da yayye suka zo suka ɗauki ƙannensu, ba yaron da ya yarda ya ratsa lungu shi kaɗai.

Washegari da yamma Bello ya sa riga ya fita. Inna ta bi shi da kallo har ya fice. Baba yana zaure, ya ƙi cin tuwo. Ba a kira isha'i ba sai ga Bello ya dawo, ya zauna bakin wuta ya fara iza itace ba wanda ya sa shi.

Sai da muka girma ya gaya mini abin da ya gani. Ya isa ƙofar sinima ya tarar da layi, maza duk sun rufe baki da hanci saboda ɗari, kowa ya miƙa hannu ta 'yar taga, mai yanka tikiti kuma kansa na ƙasa, ba ya duban fuskar kowa. Daga nan ya juyo. Rantsuwar Baba ba ta hau kansa ba. A gidan ya yi aure, ya gaji rumfar nama, a gidan kuma aka yi masa sutura.

Yanzu in jikoki suka kunna mini fim ɗin da ake watsa jini har bango, kewar gida kawai yake sa ni. Finafinan da ke hana ni sakewa su ne waɗanda abin ya riga ya shigo, yana zaune a tabarmar mutane, an ba shi ruwa ya sha, kowa ya ji a jikinsa akwai matsala amma kunya ta hana a tambaya. Dodo mai haƙora yana buƙatar ƙarfinsa. Wannan kuwa kirkinmu kawai yake buƙata. Da aka sauke tutar Turawa aka fara kasa ƙasa kashi-kashi, na sha ganin hannaye a miƙe waɗanda ba wanda ya san mai su, kowa yana zaton baƙon wani ne, sai watandar Inna ta faɗo mini a rai. Na daɗe ina ganin cewa a daren nan wani abu daga wata duniyar ya zo ya gaskata tsohuwa, don mu riƙe darasin har abada.

Ashe mai baƙin zanen nan Hajo ce, jikar ƙawar Inna daga Ƙofar Atiku. Yanka biyu Inna ta yi mata alkawari, ɗaya aka ba ta, kuma har ta tsufa tana mita.