Ranar da Na Ƙi Tashi Daga Kujerar Likita

Shekaru sun tura, amma ko da zan manta da sunan unguwar da na zauna a Alƙahira, ba zan manta da abin da ya faru a wani ƙaramin asibiti a Ma'adi ba, a shekarata ta uku ta karatu, cikin 2014.

A lokacin ɗaki ɗaya muke da wata yarinya 'yar ƙasar Thailand, sabuwar zuwa. Larabcinta bai wuce na salla da cefane ba, Turancinta kuwa sai a hankali. Muna da ɗan ƙamus na Thai da Turanci, shi muke miƙa wa juna kamar gishiri a wurin cin abinci. Kalmar farko da na koya a bakinta ita ce "mai pen rai". Ƙamus ya ce ma'anarta ba komai, wato ma'alish ɗin Misirawa. Na ji ta faɗe ta ranar da mai ya fallatso mata a hannu, na ji ta faɗe ta ranar da aka sace mata waya a mota. Ni kuma Allah bai yi ni da haƙuri ba, har haushinta nake ji.

Ana cikin makon jarabawa na lura ta daina cin abinci. Shinkafar da take ci safe da yamma tana nan a tukunya. Sai na ga ta yi sallar asuba a zaune, ta juya mini baya don kar in gani. Na tambaye ta, ta yi murmushi ta ce mai pen rai. Ranar ina da jarabawar nahawu bayan azahar, amma na ce mata, "Yalla, ukhti, tashi 'yar'uwa, sa hijabinki mu je asibiti." Wata maƙwabciyarmu ce ta kwatanta mini wata likita Bajamushiya da ke auren Bamisire, ta ce tana duba mata da kyau.

Tafiyar kanta azaba ce. Taksi ya maƙale a cunkoso, direba yana ta zagin na gabansa, ni ina duba agogo ina duba fuskarta. Duk ramin da muka faɗa sai ta runtse ido, ta buɗe, ta yi mini murmushi. Na ji kamar in fizge murmushin nan in jefar ta taga.

Likitar doguwa ce, ba ta da dogon gaisuwa. Ta gwada Turanci, yarinya ba ta gane ba. Ta gwada Larabcinta mai kaushi, nan ma shiru. Sai ta juyo da kwamfutarta, ta rubuta tambaya da Jamusanci, na'ura ta mayar da ita rubutun Thai mai kama da zaren da ya harɗe. Ƙawata ta karanta ta rubuta amsa. Likita ta karanto, "Kein Problem," ta fassara mini da Turanci cewa ta ce babu matsala. Ta kwantar da ita ta danna cikinta, yarinya ta ciji leɓe. Aka sake tambaya ta na'ura, amsa ɗaya.

Likita ta juyo gare ni. Ta ce cikin ya yi tauri, bai yi mata daɗi ba, amma mara lafiya ta ce ba zafi, kuma ba za ta ƙaryata babbar mace a kan jikinta ba. Ta ce za ta ba ta maganin ciki, mu dawo gobe in bai lafa ba. Ta miƙe tsaye, alamar khalas, an gama.

Ni kuwa na ƙi tashi. Na manne wa kujerar nan. Na ce, "Dakta, na'urarki ba ta yi ƙarya ba, abin da ta faɗa ke nan. Amma a garinmu in kin je duba mutum yana gargarar mutuwa kika ce yaya jiki, cewa zai yi da sauƙi. Ba mu da wata amsa. Wannan yarinya irinmu ce."

Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "To ta yaya likitocinku suke sanin ba ku da lafiya?"

Na ce, "Ba bakinmu suke saurara ba. Ta daina cin abinci, kuma yau a zaune ta yi salla."

Daga nan na juya kan ƙawata. Tun a taksi nake zargin dalilinta: ta san ina da jarabawa, so take a sallame mu da wuri in samu in shiga. Na ciro katin jarabawar daga jaka na ajiye a gabanta, na haɗa Larabci da nuni da hannu, murya sama, kamar ina faɗa da ƙanwata. Na ce, "Wallahi ba inda za ni. Ko ki nuna, ko mu kwana a nan. Ɓoyewar ce take wahalar da ni, ba ciwon ba. Fahimti? Kin gane?"

Ta dubi katin, ta dube ni. Murmushin ya tafi, a karo na farko tun da na san ta. Ta kamo hannun likita ta ɗora a ƙasan cikinta ta dama, ta saki wani kuka wanda har yau in na tuna tsikar jikina tashi take.

Likita ba ta ƙara taɓa kwamfuta ba. Ta ɗauki waya tana magana da sauri, kafin ka ce kwabo muna cikin motar asibiti zuwa inda ake tiyata. Afendis ne, ɗan wutsiyar hanjin nan, ya kumbura yana gab da fashewa. Na yi ta safa da marwa a baranda, na kasa zama, na kasa addu'a mai tsawo, sai "Ya Allah, 'yar mutane" kawai nake maimaitawa. Ban ma san lokacin da azahar ta wuce da jarabawata ba.

Da ta farfaɗo, abin da ta fara faɗa da Larabcinta mai ɗingishi shi ne, "Imtihan, ukhti?" Jarabawata take tambaya. Na ce mata an yi ba ni, kuma sai na maimaita darasin. Ta fara hawaye tana ba ni haƙuri, na ce ta rufe mini baki kafin ɗinkin ya ɓalle.

Na maimaita nahawun, ban mutu ba. Yanzu fassara ce sana'ata, ƙamusai sun cika mini ɗaki, kuma na yarda da su a kan kalmomi. Amma abin da ranar nan ta koya mini shi ne mai kunya yakan faɗi abin da zai sauƙaƙa maka ne, ko da shi zai halaka. Shi ya sa duk wanda nake so, in na ga ya ture kwano ya ce mini ba komai, ba na cewa to in wuce. Takalmina nake cirewa in zauna.