Shekarar da Yaya Illa Ya Tsare Raga

Ranar wata Lahadi ce a tsakiyar bazara, shekarar da nake aji huɗu a lakwal, makarantar bokon garinmu Galma, rediyon Baba ya mutu muna tsakiyar sauraro. Maza sun kewaye shi a gindin dogon yaron ƙofar gidanmu, ni kuwa na ajiye tulun da aka aike ni rijiya da shi na tsaya bayan Baba. Mai ba da labarin wasa yana zuba Faransanci, Mushe Sani malaminmu yana juya mana da Hausa. Can sai Mushe ya kalli Baba, ya ce mai tsaron raga ya yi karo da wani, ya faɗi, bai tashi ba. Mai tsaron ragar nan wana ne, Yaya Illa. Mun ji filin ya ruɗe da ihu, daga nan muryar ta shaƙe ta ɗauke. Baba ya fiddo pil ɗin, wato baturan rediyon, ya ciccije su ya mayar, shiru. Kafin a ruga gidan tela a aro wani rediyon, an gama wasa, kiɗa ake sakawa.

Yaya Illa ya fara tsaron raga ne a filin bayan lakwal, tsakanin duwatsu biyu, da tamola ta tsumma. Da safe yana ban ruwan albasa a fadama tare da Baba, da la'asar ya dawo gwiwoyi duk a saɓule, Inna tana faɗa tana shafa masa man shanu. Wata ƙungiya da ke buga gasar rukunin farko ta ƙasa ta gan shi a wani wasa a Madawa ta ɗauke shi. Ranar da ya hau mota gari ya yi murna, Inna kaɗai ta ce, "Ɗan da aka aje a bakin ƙohwa, shi ka shan duka."

Tun daga sanyin shekarar nan tsoro ya zauna a gidanmu. Ƙungiyarsu tana can ƙasan jeri, kowane mako ana cewa za ta faɗa rukuni na biyu, kuma duk ƙwallon da ta shiga raga sunan Illa ake kira. A lakwal, idan an fita rakare shan iska muna ƴar carafke da ƙawayena, yara maza su zagaye ni suna waƙar "raga ta yage". Wani direban kamyo mai ɗaukar albasa ya ba da labari a kasuwa cewa ƴan kallo sun taɓa jifar motar ƴan wasa da duwatsu. Daga ranar, ina surfe ina ganin gilashi yana fashewa a idona. Ga doguwar hanya da suke bi zuwa garuruwan da ban taɓa ji ba sai a darasin ƙasa. Inna ba ta taɓa zuwa gindin rediyo ba. Ranar wasa takan dama fura mai yawa ta ba ni in rarraba wa tsofaffin unguwa sadaka, sannan ta shige ɗaki da tasbaha.

Ni aka bari in shiga in gaya mata a wannan Lahadin, don mazan duk sun kasa. Na same ta tana tankaɗe. Ina shiga ta dubi fuskata ta ce, "Rabi, mi ya hwaru?" Na faɗa mata abin da Mushe ya ce. Ba ta yi kuka ba. Ta ci gaba da kaɗa rariya alhali garin ya daɗe da ƙarewa a ciki.

A lokacin babu waya a garinmu. Washegari Baba ya bi motar kasuwa zuwa Madawa don ya buga wa ƙungiyarsu daga telesantir, shagon buga waya, bai samu kowa ba, ya kwana can. Mu kuwa muka zauna da jita-jita. Wani ya ce wuya ne ya karye, wata ta ce ta ji an ce ya cika. Mata suka riƙa shigowa da sallama ƙasa-ƙasa, suna zama irin zaman da na sani a gidan makoki. Na ƙi zuwa lakwal. Duk ƙarar mota da na ji sai in ruga bayan rumbu in toshe kunne, don kada in ji salati.

Da Baba ya dawo, ba shi kaɗai ya sauko daga mota ba. Wani dogon mutum ya biyo shi, fuska a kumbure, an ɗaure masa haɓa da farin bandeji har bisa kai. Sai da ya kira sunana ta tsakanin haƙora na gane Yaya Illa ne, ashe sun haɗu da Baba a Madawa yana kan hanyar gida. Muƙamuƙinsa ne ya karye. Inna ta shafa shi tun daga kai har ƙafa kamar jariri, sai a sannan ta fashe da kuka. Har aka yi shuka kunu kawai yake sha da tsinken kara, ni ke riƙe masa ƙwarya. Ƙungiyarsu ta faɗa rukuni na biyu a ƙarshen gasar, shi ma bai koma ba. Ban taɓa jin daɗin faɗuwar wani kamar wannan ba, ko da yake na sha ganin shi ya tsaya da fartanya a kafaɗa yana kallon yara a filin bayan lakwal.

Yau Yaya Illa manomin albasa ne mai furfura, idan ya yi dariya bakinsa yakan ɗan karkace. Samarin Galma kowa da wayarsa, suna bin ƙwallon Turai, kaɗan ne suka san akwai wanda ya taɓa tsaron raga a gasar ƙasa a cikin unguwarsu. Ba na kewar tsoron nan. Ina kewar mutanen da suka zauna suka ji shi tare da mu.