Ranar da Aka Haska Yayar Mai Mita a Bango

Shekara ashirin da bakwai ya yi yana karanta mitar ruwa gida-gida, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Mai Mita. Babu lungun da ƙafarsa ba ta taka ba a garin. Ya san gidan da karensa ke cizo, ya san gidan da karensa haushi kawai ya iya. Da hukumar ruwa ta ce a daina rubutu a littafi, a riƙa ɗaukar hoton kowace mita da waya, abokan aikinsa suka yi ta ƙorafi. Shi kuwa abin ya zo masa daidai. In ya ɗauki mita sai ya juya ya ɗauki mai gidan, ya ɗauki mai gyaran takalmin da ke bakin ƙofa. Yana yin ritaya ya sayi wata tsohuwar kyamara wadda murfin batirinta sai an ɗaure da roba.

Ba ya ɗaukar mutum sai ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya nemi izini. Wannan kuwa ya sa duk mutanen da ke cikin hotunansa a tsaye suke ƙyam, sun gyara riga, suna kallon kyamara kamar masu jiran hukunci.

Wata malamar makaranta ce, maƙwabciyarsa, ta kai shi ƙungiyar masu ɗaukar hoto don sha'awa. Su tara ne, suna haɗuwa kowace Asabar da yamma a wani ɗaki da ke saman shagon wanke hoto, mai kujerun roba da fanka mai ƙara. Kowa zai kawo abin da ya ɗauka a titi ko a wurin tafiya, a haska a farin bango, a yi ta tsokaci. Shugabansu wani likitan haƙori ne da ake kira Dakta, mutum mai yawan tafiye-tafiye, wanda jakar kyamararsa kaɗai ta fi akwatin kayan Mai Mita girma.

Tun ranar farko Dakta ya raɗa wa hotunan Mai Mita suna, wai hotunan fasfo. Ya ce da zarar mutum ya san ana ɗaukarsa, hoton ya mutu. Aka yi dariya, Mai Mita ma ya yi, ko da yake ta fatar baki ce. Bai yi zuciya ba, don gaskiya ya ƙaru da su. A wurinsu ya koyi kada ya bar rana a bayan mutum, ya daina karkata gine-gine, ya daina yanke wa mutane ƙafafu. Shekara biyu yana zuwa, yana zama a kujerar ƙarshe kusa da taga, yana shanye suka.

Sai aka zo shirin baje kolin hotuna a zauren ɗakin karatu na garin, aka ce kowa ya kawo nasa a zaɓa. Dakta ya fara da na tafiya: gadoji, tashoshin jirgin ƙasa, wata kasuwar kifi a bakin teku. Daga nan ya gyara murya ya ce na gaba a nan gida ya same shi, bayan tashar mota, kuma a ganinsa bai taɓa ɗaukar kamarsa ba.

Bango ya cika da wata dattijuwa tana barci a kan keken ɗinki. Ta kifa kunci a kan hannu, ɗankwali ya zame, furfura a waje, baki a ɗan buɗe. Takalmi ɗaya ya fita, faso ya bayyana a diddige. A ƙasa Dakta ya rubuta: Wadda Duniya Ta Manta.

Ɗakin ya ɗauki yabo. Wani injiniya ya ce a ƙara duhunta bayan hoton don fason ya fito sosai. Wani ma'aikacin banki ya ce bakin nan a buɗe shi ne ran hoton, kada a taɓa shi. Suka shiga gardama a kan ko a yanke ƙafar keken ko a bari.

Mai Mita keken ya fara ganewa. Shi ya ɗauko shi a ka daga shago, shekara talatin da suka wuce. Matar kuwa yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta riƙe shi tun yana shekara shida bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tunda yake bai taɓa ganin kanta babu ɗankwali ba. Ga shi yau mutum takwas suna auna diddigenta.

Ya miƙe, kujerar roba ta faɗi a bayansa.

"Kashe abin nan," ya ce. "Yayata ce."

Dakta ya kashe, ya ce ya yi haƙuri, da ya san 'yar'uwarsa ce da bai kawo ba. Injiniya ma ya ce haka, ma'aikacin banki ma haka. Wannan ban haƙurin shi ya fi ƙona wa Mai Mita rai.

"Wato da ba yayar wani a ɗakin nan ba ce, da babu laifi ke nan? Wace duniya ce ta manta da ita, Dakta? 'Ya'yanta huɗu, jikoki goma sha ɗaya. Maganin hawan jini take sha, shi ke sa ta barci da rana. Ka tambaya? Taku nawa ne tsakaninka da ita?"

Dakta ya ce titi na kowa ne, ba cikin ɗakinta ya shiga ba, kuma shi karrama ta ya yi niyya. Mai Mita ya ce to gobe zai je asibitin haƙori ya jira sai Dakta ya yi gyangyaɗi, ya karrama shi. Babu wanda ya yi dariya sai Malama, ita ma ta toshe baki da gyale.

Aka cire hoton daga na baje koli. Amma a hanyar gida Malama ta nuna masa wayarta: kwana biyar ke nan hoton yana shafin Dakta na intanet, ɗaruruwan mutane sun gani, wasu har da addu'ar Allah ya kawo wa baiwar Allah mai taimako.

Washegari ya tafi bayan tasha, don ya fi so ta ji daga bakinsa kafin surukanta su kawo mata. Ya buɗe mata hoton a wayarsa. Yaya ta sa tabarau, ta karɓi wayar, ta daɗe tana kallo. Hannunta ya tafi kan ɗankwalinta ya ja shi gaba.

"Auta, wanda ya ɗauka abokinka ne?"

Ya ce ƙungiyarsu ɗaya.

"Ka ce masa ya zo. Ba zagi zan yi ba. Ina so in ga idonsa kawai, tunda shi ya ga nawa a rufe."

Dakta bai zo ba. Ya aiko a ce aiki ya yi masa yawa, ya haɗo da hoton an wanke shi babba, an sa a gilashi, wai kyauta ga Mama. Yaya ko taɓawa ba ta yi ba. Mai Mita ya saɓa shi a kafaɗa, ya tako har asibitin, ya wuce marasa lafiya masu riƙe da kumatu, ya jingine shi a jikin teburin Dakta, fuska ga bango. Ya ce ba zai fita ba sai ya ga an goge na shafi da idonsa. Dakta ya goge yana ƙunƙuni, wai mutane ba su san darajar fasaha ba.

Mai Mita bai bar ƙungiyar ba, ko da yake wasu sun so ya bari. Ya dai bar kujerar ƙarshe ya dawo gaba. Duk hoton mutum da aka haska, kafin kowa ya yi maganar haske ko inuwa, sai ya tambayi mai hoton ko mutumin da ke ciki ya san an ɗauke shi. Injiniya ya ce an mayar musu da ɗaki kotu, ya daina zuwa. A baje kolin an ba Mai Mita gurbi uku a bayan ƙofa, inda in an buɗe ta sai ta rufe biyu.

Abin da bai yafe ba shi ne abin da ya samu Yaya. Ta daina kwantar da kai a kan keke. In maganin ya fara aiki sai ta zauna a miƙe tana kokawa da barci, har wata rana allura ta huda mata yatsa. Daga baya ta ɗinka labule da ragowar yadi, ta rataya a gaban rumfarta. Masu kawo gyaran kaya da suka saba hango ta daga titi suka ɗauka ta tashi daga wurin, wasu suka koma wajen wani tela. Duk ranar da Mai Mita ya je gaishe ta, sai ta leƙo ta gefen labulen ta dubi wuyansa tukuna. In da kyamara a rataye, sai ta ce ya sa ta a jaka kafin ya shigo.