Sodangi da Motar da Ke Mutuwa a Hanyar Shagari

Lokacin da na dawo Boɗinga daga karatu a Zariya, a shekarar 1953, mota ɗaya ce a garin wadda ba ta hukuma ba. Ta Alhaji Na'Allah ce, mai fataucin fatu da albasa. Ya saye ta a hannun wani Bature da zai koma gida, bayan Baturen ya shekara bakwai yana dukan hanyoyin lardin da ita. A-kori-kura ce mai giya uku, fentinta ya koɗe, ƙofar gefen mai zama kuma da igiya ake ɗaure ta. Mai tuƙa ta shi ne Sodangi.

Sodangi mutumin Kajiji ne. Da kiwo ya tashi, har aka zo ɗibar soja lokacin yaƙi, ya shiga, aka kai shi ƙasar Bama, can Asiya. A can ya koyi tuƙi da gyaran inji. Ya dawo da lasin, da akwatin sifanu, da wani irin shiru da bai yi wa mutane daɗi ba. In an gaishe shi zai amsa, amma ba ya zaman hira, ba ya ba da labarin yaƙi. A lokacin mutane sun ɗauka duk wanda ya je Bama, ko dai ya dawo da taɓin kai, ko ya dawo da asirin da ba irin namu ba. Tun da Sodangi lafiyarsa ƙalau, sai aka bar masa na biyun.

An ba ni aikin malamin gona, kuma duk ranar kasuwar Shagari sai na je. Alhaji ya san mahaifina, don haka yakan ɗauke ni, in zauna a baya a kan ɗaurin fatu. A haka na ga abin da ya faru tun daga farkonsa.

Da kaka ta yi, Alhaji ya ce shi ma zai koyi tuƙi. Sodangi ya nuna masa sau biyu a fili a bayan gari. Ran nan a kasuwar Shagari, an gama lodi, mutane sun taru kallo kamar yadda suka saba, sai Alhaji ya tattara babbar rigarsa ya zauna a wurin direba. Ya sa giya, ya saki kuloci gaba ɗaya. Mota ta yi tsalle, ta ture kwandon wani mai gauta, ta mutu. Kasuwa ta ɗauka da dariya. Wani mahauci ya ɗaga murya ya ce, "Alhaji, mota ba goɗiya ta ba, ba ta jin ƙaimi!" Alhaji ya sauko bai kalli kowa ba. Sodangi ya murɗa ƙarfen tayarwa, ta tashi, muka koma gida lafiya.

Mako mai zuwa aka fara. Mun bar Boɗinga da kamar mil shida, sai injin ya soma shaƙewa. Sodangi ya taka totur, ta ƙi ɗauka, ta yi tari biyu ta mutu. Ya buɗe inji, ya kwance fulogi ɗaya bayan ɗaya, ya goge, ya mayar. Ya murɗa har zufa ta jiƙa masa riga, ba ta tashi ba. Alhaji yana tsaye yana kallonsa. Can sai ya zagaya baya, ya buɗe tanki, ya zura wani karan dawa da ya yi wa alama da wuƙa, ya duba, ya rufe.

"Mai shina nan awa yadda niz zuba shi," ya ce. "To, mi ah hana ta tahiya?"

Sodangi ya sake murɗawa. Murɗa ɗaya ta tashi.

Haka ta yi sau biyu kafin mu isa Shagari, sau biyu a dawowa. Kowane karo Sodangi zai yi ta fama ta ƙi, sai Alhaji ya auna mai da karansa, sannan ta tashi. Daga wannan makon ma Alhaji ya hana kowa taɓa tankin. Shi ke zuba fetur da hannunsa, ya cika shi fal, ya rufe.

Kafin mako na uku garin ya gama yanke hukunci. An ce Sodangi ya ga maigidansa zai iya tuƙi ya sallame shi, shi ya sa ya ɗaure motar. An ce ranar kasuwa ma shi ya sa ta yi tsalle. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta karan dawa: in ba shi ke riƙe da ita ba, me ya sa take tashi daidai lokacin da Alhaji ya nuna ya farga? Rabi, matar Sodangi, ta je rijiya, mata suka janye tulunansu daga kusa da nata. Wani mai babbar mota daga Sakkwato da ya saba kawo masa gyara ya wuce ta ƙofar gidansa bai tsaya ba.

Ni ban yarda da ɗauri ba, amma ban wanke shi ba. Na yi zaton akwai wata waya ko wani famfo a ƙarƙashin sitiyari da yake taɓawa da gwiwa. Mako guda na koma daidai tagar baya ina leƙen ƙafafunsa. Ban ga komai ba, sai na ce a raina ya fi ni wayo ne kawai.

Wata ranar Laraba da hantsi na iske Sodangi a inuwar gidan Alhaji, ya shimfiɗa buhu, ya baje kayan inji a kai. Ya wanke kafireta, wadda ke ba inji mai, da kananzir, ya busa kowane rami. Ya gwada famfon mai, yana aiki. Ya ce mini batir lafiya, wuta lafiya.

"Malam, kai da kay yi karatu, zo in tambai ka," ya ce, bai ɗago ba. "Duk sa'ad da tam mutu, in na buɗe kahireta ƙaƙas nika iske ta. Ga mai cikin tanki, ga hamho shina ja. Mi ka hana mai tahowa?"

Na ce watakila datti ne a bututu.

"Na busa shi sau ukku. In datti na, don mi za ya jira sai mun yi mil shidda? Datti shina da agogo?"

Wannan ce magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa. Sai ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Na ga kana leƙen ƙahwata. Ba komi. Amma ran kasuwa, in tam mutu, bar ƙahwata ka bi Alhaji. Ka tsaya kusa da shi in za ya buɗe tanki. Kak ka duba komi, kunne nika so ka sa."

Na tafi ina tunanin ko yana so ya kawar da idona daga kansa ne.

Da safiyar kasuwa, kafin mu tashi, Alhaji ya yi magana a gaban masu lodi. Ya ce, "Sodangi, na ci gishiri da kai shekara biyu. Amma yau in wagga mota tas sake mutuwa, gobe gaban alƙali za mu. Ka hwaɗa mishi abin da kay yi mata."

Sodangi ya ce, "To, Alhaji."

Ta mutu a inda ta saba, kusa da wata tsamiya. Wannan karon Sodangi bai buɗe inji ba, ya fito ya tsaya. Alhaji ya ɗauki karansa ya zagaya, na bi shi kamar mai miƙe ƙafa. Ya juya mini baya, ya kama murfin da hannu biyu, don ya yi tauri. Da ya murɗe shi sai na ji wani dogon tsaki, irin na iska da ke kutsawa ta ƙaramin rami, sannan cikin tankin ya yi ƙara kamar an danna gwangwani an saki. Na ga kuma Alhaji ya dunƙule murfin cikin hannun riga, bai aje shi a kan mota ba kamar yadda kowa zai yi.

Na koma na gaya wa Sodangi abin da na ji. Ya rufe ido kaɗan, sannan ya taka zuwa wurin Alhaji, ya rusuna.

"Alhaji, ka ba ni murhin in gani."

"Ba ka taɓa shi."

"To, riƙe abinka. Amma kak ka maida shi. Sa shi aljihu, in toshe bakin da tsumma sako-sako. In tam mutu kahin Shagari, ba sai gobe ba, yau ka kai ni ga alƙali."

"Wata dabara ta kuma?"

"Ga Malam nan, shi zauna gaba tsakaninmu, shi riƙe min gwiwa in kana so."

Haka aka yi. Na matsu a tsakaninsu. Muka wuce wurin da takan mutu na biyu, injin bai ko yi tari ba. Da rumfunan Shagari suka bayyana, Alhaji ya ce a tsaya. Ya zaro murfin ya miƙa wa Sodangi a kife.

A cikinsa akwai jar fata, an yanka ta daidai da'irar murfin, an ɗinke ta da kyau, an liƙe gefenta da kakin zuma. Tsakiyarta ta ɗan tasa. Laya ce. Alhaji ya yi bayani a hankali, yana kallon ƙasa. Ranar da aka yi masa dariya ya tabbata baki ne ya kama motar. Ya je an rubuta masa laya, aka ce ya sa ta inda motar ke sha, yadda ake rataya wa doki kusa da baki, kuma kada ido ya gan ta. Ya kai wa wani badukun Boɗinga mai suna Malami ya ɗinke ta a ciki.

Sodangi ya juya murfin ya nuna mana wani rami a samansa, bai fi kan allura ba. Ya ce ta nan tanki ke shan iska. In an toshe, famfo zai yi ta ja har ya kasa, kamar mai tsotsar gora da aka rufe. Cika tankin fal da Alhaji ke yi shi ke sa ta saurin mutuwa, buɗewar da yake yi don aunawa kuma ita ke ba ta iska.

"Ba layar ta ad da laihi ba," ya ce. "Kakin na. Huda guda ta isa, gehe, ba a taɓa rubutun ba."

Alhaji ya ce, "Tahi ga dukawa a huda. Amma maganar ga, mu ukku."

Na ga yadda fuskar Sodangi ta yi. In motar ta warke shiru, gari zai ce an ambaci alƙali ya tsorata, ya kwance abin da ya ɗaure. Ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya ce, "To, Alhaji."

Na raka shi layin dukawa. Akwai baduku a rumfar farko, ga basillarsa a hannu, ba ya aikin komai. Sodangi ya wuce shi. Ya wuce na biyu. Ya tsaya a rumfa ta uku, inda Malami na Boɗinga ke kasa kayansa duk ranar kasuwa, mutum biyar ko shida zaune suna jiran takalma. Bai ce komai ba sai, "Huda min nan," ya nuna da yatsa.

Malami ya karɓa, ya juya, ya daka tsalle. "Kai! Wanga ai ɗunkina na! Na Alhaji Na'Allah! Wa ac ce a huda min aiki? Kwana guda niy yi ina liƙe shi, ko iska ba ta shiga!"

"Shi na abin da ah hana ta tahiya," in ji Sodangi.

Wani daga masu jira ya ce, "Wace? Motar da anka ce an ɗaure?"

Malami mutum ne da ba ya iya riƙe magana ko da an roƙe shi, balle ba a roƙe shi ba. Kafin la'asar, har mahaucin nan ya ji. Da muka zo tashi ya leƙo ya ce, "Alhaji, ashe kai ad da hannu ga wuyanta, kana neman wanda yash shaƙe ta!" Mun dawo Boɗinga ba tsayawa.

Ba a je gaban alƙali ba. Alhaji bai yi faɗa ba, bai kuma ba da haƙuri ba. Bayan wata guda ya ce ya samo wani direba daga Sakkwato, ɗan ƙanwarsa. Sodangi ya ɗauki akwatin sifanunsa, shi da Rabi suka koma Shagari. Ya kafa rumfar zana a bakin hanya, inda manyan motocin Jega da Birnin Kabi ke tsayawa shan ruwa. Direbobi sun riga sun ji labarin, suka riƙa kawo masa abin da ya gagari wasu. Har yanzu ba ya hira. In an kawo mota yakan sa mai ita ya faɗi duk abin da ya yi mata tun daga ranar da ta fara, ya tambaya sau biyu, kafin ya taɓa ko da fulogi. Wasu suna jin haushin hakan, suna cewa kamar gaban ɗan doka.

Bara na tsaya a rumfarsa ana gyara mini keke. Na tambaye shi abin da ya daɗe yana damuna: ranar nan, ya san Malami zai yi kwakwazo, shi ya sa ya wuce dukawa biyu?

Ya ci gaba da ɗaure sarƙa. Ya ce, "Alhaji ya ce kar in hwaɗi, ban hwaɗi ba. Kana wurin."

Na ce na sani, amma ba abin da na tambaya ke nan ba.

Ya juya feda, ya saurari ƙarar sarƙar, ya ce, "Basillar Malami ta hi tsini." Sannan ya miƙo mini keken, ya juya ga wata babbar mota da ta tsaya tana hayaƙi.