Washi Yake Yi, Ba Wasa Ba: Jinjina ga Mijinyawa

"Ka riƙa tura ni bakin ƙanƙara, ni kuma in koya maka sana'a."

Da wannan maganar aka ƙulla cinikin, a shekarar 2016, a wani filin wasan ƙanƙara da ke tsakiyar sitocin Al Quoz. Mai maganar wani tsohon Bature ne ɗan Kanada, Mista Harlan, yana zaune a keken guragu. 'Yarsa nas ce a nan Dubai, ita ke ajiye shi ta wuce aiki. Wanda ake wa maganar kuwa Mijinyawa ne, mutumin Kano, mai sharar wurin.

Mijinyawa ya dube shi ya ce, "Baba, wace sana'a ta rage a hannun wanda sai an ɗaga shi?"

Tsohon ya yi dariya da bakin da babu haƙoran gaba, ya zaro wani ɗan dutsen washi daga aljihu ya ɗora masa a tafi. Suka tafa. Khalas, magana ta ƙare.

Tun daga nan, kullum bayan asuba Mijinyawa zai fito daga ɗakin haya da suke cunkushe a Al Nahda, da rigar sanyi a kafaɗa, a garin da zafi ke dafa ƙwai. Wanda ya gan shi a bas sai ya ɗauka ya taɓu. Yana isa zai yi shara, sannan ya tura tsohon, wanda ya raɗa wa suna Baba Haruna don Harlan ya ƙi zama a bakinsa. Takalmin ƙanƙara wuƙa ce a ƙasansa, mai baki biyu da ɗan kwari a tsakiya. In ta dakushe, mutum ya zo kwana sai ta zame, ya ci da ka. Washinta shi ne sana'ar. Ana gwada kaifin a farce, shi ya sa in ka dubi babban yatsan Mijinyawa za ka ga farcen ya siɗe kamar ɓawon albasa.

A wajen washin nan ya ji labarin Baba Haruna, ni kuma na ji daga bakinsa, na kuma ji daga bakin tsohon da kansa ranar da na kai wa Mijinyawa saƙo. A shekarun 1950 ɗan wasan hoki ne, wasan da ake gudu a kan ƙanƙara ana kora 'yar baƙar roba da sanda mai lanƙwasa. Da shi yake cin abinci. Mai tsaron baya ne, a zamanin da ba a sa hular kwano. Haƙoransa can ya bar su. Ƙananan kulob suka yi ta sayar da shi a tsakaninsu kamar ɗan akuya a kasuwar Wudil, sai dai ya wayi gari a ce ya haɗa kayansa. In kakar wasa ta ƙare ya koma yankan katako. Da gwiwarsa ta tashi aiki, aka miƙa masa tikitin jirgin ƙasa, ko sannu babu. Mutum ɗaya ne ya raka shi tasha: mai washin takalman kulob. Shi ya ba shi wannan dutsen.

To, ga inda raina yake ɓaci. A guruf ɗinmu na Hausawan Dubai an taɓa cewa kowa ya faɗi aikinsa. Mijinyawa ya rubuta, "Ina wasa takalman ƙanƙara." A baki, wasa wuƙa daban, wasan yara daban, ko kurma ya san wannan. A rubuce kuwa duk ɗaya ne. Mutanenmu suka zaɓi wanda ya fi daɗin dariya. "Yalla, ɗan wasa!" "Habibi, yaushe za ka ci mana kofi?" Babu wanda ya taka zuwa Al Quoz takanas don ya ga abin da yake yi. Mu da za mu tsallaka Sharja don ganin tsohuwar mota!

Mijinyawa, kai ne ka haɗiye wannan shekara da shekaru ba ka tanka ba. Kai ne iyaye 'yan Rasha da Filipinawa da Larabawa ke bin layi su ce sai kai za ka taɓa takalman 'ya'yansu. Kai ne lokacin korona, da aka tsare 'yar tsohon a asibiti tana aiki ba dawowa, ka tare a gidansa kana yi masa wanka, kana dama masa kunu har ya koyi cewa "ƙaro". Wannan ba ya cikin ciniki. Ciniki turawa ne kawai.

Bayan korona mai filin ya ce ya gaji, zai kashe injin sanyi ya ba da wurin haya. Bizar Mijinyawa kuwa a wuyan filin take rataye. In bai samu wanda zai ɗauke shi ba, sai gida. Kuma wa ya karɓi hayar don ya mai da wurin siton kaya? Namu ne, Alhaji Badaru, mai neman ma'aikata ido rufe. Ni na raka Mijinyawa ofishinsa.

"Alhaji, ga ɗan'uwa, ya san wurin nan lungu-lungu."

Badaru bai ɗago daga wayarsa ba. "Wannan ba ɗan wasan nan ba ne? Ni masu ɗaukar kaya nake nema, ba masu sulɓi ba."

Na ce, "Washi yake yi, Alhaji, washi! Kamar na mahauta."

Ya ce, "Washi ko wasa, ƙanƙarar dai narkewa za ta yi. Shwaiya shwaiya, a hankali dai, inshallah za mu duba."

Duk wanda ya zauna garin nan ya san wannan inshallah ɗin. Ba ta da ranar haihuwa.

Ranar da za a kashe injin ina wurin. Baba Haruna ya zo da tsofaffin takalmansa, fatar ta yi baƙi ta tsattsage. Mijinyawa ya wasa su, ya gwada a farce, ya durƙusa ya ɗaure masa. Ya ce, "Baba, riƙe kafaɗata." Tsohon da ya haura tamanin ya miƙe a kan ƙanƙara. Bai yi nisa ba, daga ƙofa zuwa ragar hoki ne, yana zagin gwiwarsa. Da suka dawo Mijinyawa ya miƙa masa dutsensa. Tsohon ya ture hannun ya ce, "Wanda ya raka ni tasha bai ce in mayar masa ba. Kai ma ka ba wanda ka ga dama."

Jibi Mijinyawa zai hau jirgin Kano. Ya ce zai kafa benci kusa da mahautan Sabon Gari, wuƙa dai wuƙa ce. Mijinyawa, kaifi ba ya surutu, Allah ya saka maka, ya sa albarka a farcen nan naka. Ku kuma 'yan guruf, in ɗan'uwa ya faɗi aikinsa, ku tashi ku je ku gani kafin ku buɗe haƙora. In kun ga tsoho a yashe, ku tura shi ko ba a yi muku alkawarin komai ba.

Wa ya ci riba? Badaru ya samu sito mai faɗi, sai ya zuba kwali. Baba Haruna ya samu wanda ya tsai da shi a kan ƙafafunsa, abin da kulob ɗinsa suka kasa. Mijinyawa ya rasa biza, ya tafi da sana'a a aljihu. Faɗuwa kuwa tamu ce: mutum guda a cikinmu da ya iya riƙe alkawari har ya wuce inda aka tsaya, mun yi masa dariya har filin jirgi.