Ranar da Na Zama Dodon Japanawa

Wautata ba ta da iyaka: da furfurata na roƙi a jefe ni da wake.

Ina dafa wa wasu Japanawa abinci a unguwar Zamalek, a ƙasar Masar. Da za su ɗauke ni aiki na zabge shekaruna na ce hamsin, alhali na daɗe da wuce sittin. Wata rana mai gadin gidan, wani Bamisire, ya raɗa mini cewa Madam, matar gidan, na cigiyar kuku matashi, wai ta ji yadda nake haki a matattakala. Aikin nan kuwa shi ke riƙe da iyalina a gida.

Ana haka lokacin al'adarsu ta ƙarshen sanyi ya zo. Mutum ɗaya kan sa jar fuskar dodo mai ƙahoni, yara su jefe shi da soyayyen waken suya har ya fice, wai sharri ya bar gida. Maigida ke yin dodon, amma bayansa ya riƙe. Na ce ga ni, don Madam ta ga da sauran ƙarfina.

Na buga wa ɗan ƙanwata waya, ɗalibi ne a unguwar Hayyus Sabi'i, na ba shi labari. Ya ce, "Kawu, jifan Shaiɗan ai a Mina ake yi!" Na ce, "Yaro, ni ba jifa zan yi ba, ni za a jefa. Khalas, shi ke nan."

Na sa fuskar, na yi gurnani. 'Yan matan gidan biyu suka buɗe mini wuta. Na tsallake kujera, na kewaye tebur, na dira matattakala a guje, gwiwata tana kuka ina ce mata yi shiru. Na dawo sama ina danne numfashi, ina murmushi.

Ashe da saura. Kowa sai ya ci wake daidai shekarunsa. Ƙaramar ta ƙirga mini hamsin a tafin hannu. Wake kamar tsakuwa, ni kuwa turamen haƙorana sun yi ritaya. Na ce ko zan kwana a nan sai na cinye. Na bi su ɗaya-ɗaya da haƙoran gaba kamar zomo, Madam tana kallona.

Washegari ta leƙo kicin, ta ce da guntun Larabcinta, "Baɗi ma kai ne dodo. Amma in ka faɗi shekarunka na gaskiya, ni da kaina zan daka maka waken."