Goron Sallama a Zauren Alhaji

Shekara shida ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Rano kafin in samu gurbi a firamaren gwamnati a Kibiya. Abin da na daɗe ina roƙon Allah ke nan, domin Innata tana Durba, kusa da Kibiya, ciwon ƙafa ya hana ta sakat, kuma babu mai kula da ita sai ni. Sharaɗi ɗaya aka gindaya mini: in kawo takardar sallama daga inda nake aiki kafin ƙarshen wata mai kamawa.

Alhaji, mai makarantar, aminin marigayi babana ne. Da wane ido zan miƙa wa irin wannan mutum takardar barin aiki kamar bare? Sai na yi yadda aka saba. Kawuna ya raka ni zaurensa da ƙwaryar goro, na durƙusa, kawu ya yi bayani, ni ma na faɗa da bakina cewa zan bar aiki. Alhaji ya ɗaga hannu ya yi doguwar addu'a, ya sa marigayi a ciki, har na yi ƙwalla.

"Allah ya sa can ya fi nan, 'yata," in ji shi.

Saura kwana uku wa'adina ya cika, na shiga ofis karɓar takardata ina ta fara'a. Hedimasta ya jawo fayil, ya zaro yarjejeniyar da na sa wa hannu ranar da aka ɗauke ni. Ranar nan ɗoki bai bar ni na karanta ko layi ɗaya ba. Ya ɗora yatsa a ƙasan shafi na biyu: mai barin aiki zai ba da sanarwar wata guda a rubuce.

"Malama, ina taki?"

"Ai na faɗa wa Alhaji da bakina, a gaban kawuna."

"Baki ba ya shiga fayil," in ji hedimasta.

Na garzaya wurin Alhaji, na tabbata zai yi dariya ya sa hannu. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Wancan zumunci ne, 'yata, wannan kuma aiki. Jarrabawa ta matso, wa zan bar wa ajinki?"

Na tsaya sororo ina kallon bakin da ya yi mini addu'a. Fiye da wata guda yana sane, kullum muna gaisawa, amma bai taɓa ce mini in rubuta ba. Goron kuwa ya karɓa.

Zuciya ta ɗebe ni. Na yagi falle daga littafin darasi, na rubuta sanarwar a tsaye, na miƙa masa. Mutanen Kibiya ba su jira ni ba, suka ba wani gurbin. Alhaji kuma ya mutunta rubutu: kwana talatin cif, ga takardar sallamata a kan tebur, har da hatimi.

Da ita na shiga mota zuwa Durba, babu aikin can, babu na nan. Inna ta shafa hatimin da yatsa, ta ce, "Alhaji mutumin kirki. Kin dai yi masa godiya ko?"